An ce Gwaggo ta kawo dubu 10 a mayar da sunanta cikin masu karɓar tallafi: mu biya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Maiduguri. Gwaggona ta baro Bama tun 2014, ta zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Dalori har aka rufe shi, yanzu tana hayar ɗaki ɗaya da jikoki huɗu marayu. Wata ƙungiya tana sa mata kuɗin abinci a kati duk wata, amma wata uku ke nan shiru. Wani mutum a unguwarsu mai yawo da rigar ƙungiya ya ce an cire ta ne don an ga tana ɗinkin hula, kuma idan ta kawo naira dubu 10 da katin da lambarta ta banki, BVN, zai sa a mayar da ita. Ta ajiye ɗinkin, tana neman mai sayen akuyarta guda ɗaya tilo. Albashina ba zai ɗauke su ba, hankalina a tashe yake. Mu biya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka maka da wannan zumunci. Kafin ka gama karanta amsar nan, ɗauki waya ka kira Gwaggo ka ce kada ta sayar da akuyar, kada kuma katin ya bar hannunta. Ko kobo ba za ku biya ba.

Tsayawar kuɗin ba abin mamaki ba ne ga mai aikin agaji irina. Kowane shirin tallafi yana da wa'adi, wata uku, wata shida, wani lokaci na damina kawai, daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ke ƙarewa. Wa'adi na cika sai a sake tantance mutane, kuma adadin da za a ɗauka ya dogara ga abin da masu ba da kuɗi suka sako. Tun da Amurka ta dakatar da yawancin tallafinta na ƙasashen waje a Janairun 2025 tukunyar ta ragu ƙwarai, har hukumar abinci ta duniya, WFP, ta fito a Yulin shekarar ta ce mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas na iya rasa tallafinsu. Akwai kuma ƙananan dalilai da ake gyarawa cikin kwanaki: yatsa ya ƙi karantuwa a na'ura, abin da ke yawan faruwa ga tsofaffi da masu aikin hannu, ko an rufe layin waya, ko ranar tantancewa ta zo mutum ba ya gida. Ɗaya daga cikin waɗannan ne ya sami Gwaggo, kuma ƙungiyar ce kaɗai za ta faɗa muku wanne ne, kyauta.

Yanzu ga abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Babu ranar da zan fita aiki ban ji wannan maganar ba: wai akwai mai hanya, wai suna ba ya shiga sai an shafa wa wani mai a baki. Mutane sun riƙe ta kamar karatun sallah, har wanda bai biya ba ake yi wa kallon sakarai.

Ka san yadda suna ke shiga, amma bari in bi da kai ta wurin da ƙaryar mutumin nan take. Kwamitin unguwa ne ke fara kawo sunaye, da Bulama, wato mai unguwa, da wakilan mata da matasa da masu buƙata ta musamman, bisa sharuɗɗan da aka karanta a bainar jama'a. Sai wasu ma'aikata daban su bi gida gida su gani da idonsu. Sai a ɗauki hoto da zanen yatsa. Sai a gwada jerin da na sauran ƙungiyoyi don kada gida ɗaya ya karɓa sau biyu. Daga nan a kulle shi, manya su sa hannu, a miƙa wa banki ko kamfanin da zai biya. Adadin gidajen kuma a rubuce yake cikin yarjejeniya da mai ba da kuɗin. To ka gaya mini, a wace gaɓa mai yawo da riga a unguwa zai zura hannu ya ƙara suna? Rigar ma ba shaida ba ce. Duk wanda ya taɓa aikin sa kai na mako biyu yana da irinta a jaka, kuma tela na iya ɗinka ta.

Dabararsu irin ta boka ce. Ya karɓi dubu 10 a hannun mutum 50. A cikinsu dole akwai waɗanda dama sun cika sharuɗɗa, sunansu zai fito ko da shi ko babu shi. Waɗannan sai ya bi su gida ya ce, kin ga aikina? Su ne za su riƙa yi masa talla a bakin famfo. Sauran kuwa sai ya ce oga ya yi tafiya, ko kuɗin bai kai ba a ƙaro dubu 5. Ba mai kai ƙara, domin wanda ya ba da cin hanci yana tsoron a ce shi ma mai laifi ne. Na taɓa zama a teburin ƙorafi wata dattijuwa ta zo, ta kwance bakin zaninta a hankali, ta fito da wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi. Fallen littafin makaranta ne, an rubuta sunanta da biro, an buga wani hatimi da ba ya karantuwa. Ta miƙo mini da hannu biyu ta ce ga rasit ɗinta, yaushe za a fara biya? Tukwanenta biyu da tabarma ta sayar ta biya kuɗin. Wata biyar tana jira. Na rasa ta inda zan fara yi mata bayani, kuma har yau idan na tuna fuskarta raina yana ɓaci.

Ba zan ce maka babu ɓarna a cikin aikin ba, domin ka san akwai, ni ma na sani. An sha kama mai unguwa ya cusa 'yan'uwansa, an sha korar ma'aikaci don ya karɓi na goro. Amma ka duba abin da ke biyo baya idan asiri ya tonu: a dakatar da biya a unguwar gaba ɗaya har a gama bincike, a sake tantance kowa daga farko. Marar laifi ya kwana da yunwa wata biyu saboda mutum ɗaya ya sayi suna. Ko da mutumin nan ma'aikacin gaske ne, biyansa jefa Gwaggo da maƙwabtanta cikin haɗari ne.

Dubu 10 ɗin ma ita ce ƙaramar asara. Abin da ya fi tayar mini da hankali a wasiƙarka shi ne katin da BVN. Wanda ya riƙe katin Gwaggo, ya san lambar sirrinta, ya san BVN da ranar haihuwarta, ya kuma lallaɓe ta ta karanto masa lambobin da banki ya turo ta waya, ya zama ita. Idan ƙungiyar ta dawo da biya, shi zai kwashe, ita kuma tana zaune tana cewa har yanzu ba a mayar da ita ba, alhali a kwamfuta an rubuta ta karɓa. Yana iya cin bashi da sunanta a manhajojin lamuni na waya, wata rana a kira ta ana zagi. Ma'aikacin gaskiya ba ya tambayar lambar sirri, ko a waya ko ido da ido. Haka waɗannan saƙonni da ke yawo a WhatsApp da Facebook, wai Majalisar Ɗinkin Duniya na raba dubu kaza, danna nan ka cika fom ka tura wa mutum 10. Ku malamai ne ake kawo wa waya a ce ku duba, don Allah ku riƙa cewa ƙarya ce kai tsaye.

Ƙanwar wannan matsala ita ce jinginar da kati. Na taɓa ganin ɗan tireda ya jawo aljihun teburinsa, katunan tallafi sun fi 30 an ɗaure da roba, kowanne an manna masa 'yar takarda da lambar sirri. Masu katin sun ci bashin masara da mai a tsakiyar wata, shi ke zuwa ya cire kuɗin, shi ke yanke abin da ya ga dama, babu mai lissafi sai shi. Bashi a wurin mai kanti ba laifi ba ne, kowa na ci. A rubuta shi a littafi, ranar biya mai kati ta cire kuɗinta da hannunta ta biya. Haka mai POS: a yawancin shirye-shirye ƙungiya ta riga ta biya ladan cirewa. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 wasu suka saba yankar kaso mai tsoka, har yanzu ba su daina ba. Ta tambayi ƙungiyar ko akwai abin da za a cire, ta ƙirga kuɗinta a wurin kafin ta matsa.

Kuma Malam, kai namiji ne, akwai abin da Gwaggo ba za ta iya faɗa maka ba. Mai sayar da suna idan ya ga babu kuɗi, wani abin yake nema, musamman inda akwai budurwa a gida. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka ci zarafinsu a sansanoni bakwai na Maiduguri, da yawansu da alƙawarin aure na ƙarya ko taimakon kaya da kuɗi aka yaudare su. Tun 2003 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa doka a kan ma'aikatanta cewa musayar tallafi da lalata laifin kora ne, ƙungiyoyin da ke aiki da ita ma suna sa hannu a kan haka. Idan cikin jikokin akwai 'yan mata, ka sa matarka ko wata babba ta zauna da su ta tambaya cikin hikima ko mutumin nan yana zuwa gidan.

Laifin wannan jita-jita ba na talakawa ba ne su kaɗai, mu ma'aikata muna da kaso babba. Shiri zai ƙare, an san ranar tun wata shida baya, amma ba a tara mutane a faɗa musu ba. A buga sanarwa da Turanci a manna a bango, a unguwar da ake jin Kanuri da Hausa da Shuwa da yarukan Gwoza, inda yawancin matan ba su yi boko ba. A ajiye akwatin ƙorafi ga wadda ba ta rubutu. A ba da lambar waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Tsohuwa ta yi asubanci ta je ofis, mai gadi ya ce ta dawo Litinin. Inda muka yi shiru, nan ɗan damfara ke buɗe baki, kuma shi yana zuwa har ƙofar ɗaki, yana gaisuwa da yaren da ake ji. Na faɗi wannan a taruka da yawa, zan kuma ci gaba da faɗa.

Su kuma masu wannan sana'a, da masu unguwannin da ke kawar da kai don ana kai musu nasu, ku ji tsoron Allah. Matar nan ta baro gidanta da ƙafa, ta binne 'ya'yanta, tana riƙon marayu huɗu a ɗakin haya. Abin da kuke karɓa abincin marayu ne, kuma kun san abin da Alƙur'ani ya ce a kan mai cin dukiyar maraya da zalunci: wuta yake zubawa a cikinsa. Limamai su ɗauki wannan a huɗuba, don ya fi ƙarfin teburin ƙorafi.

Batun hula kuwa, ta koma ta ɗauki allurarta yau. A shekarun da na yi ina wannan aiki ban taɓa ganin an cire gwauruwa mai marayu huɗu don tana ɗinkin hular da ke cin mako biyu kafin ta kammala ba. Masu tantancewa suna duban yawan bakin da ake ciyarwa, da sau nawa ake ɗora tukunya, da ko akwai mai ƙarfin nema a gidan. Hasali ma shirye-shiryen jari, waɗanda ake ba da kuɗi dunƙule sau ɗaya, mai sana'a a hannu suke nema, kuma hular Bama tana da kasuwa har Kano da Abuja. Tallafin wata wata dama ba zai dawwama ba, an ga haka lokacin da gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021, an kuma gani bayan ambaliyar madatsar ruwa ta Alau a Satumban 2024, da aka yi rabo na ɗan lokaci aka tsaya. Idan akwai ƙungiyar mata masu asusu a unguwar, irin mai akwati da kwaɗo uku da makullai a hannun mutum uku, ta shiga ko da ɗari biyu ne a mako, don ta riƙa sayen zare da yadi da kanta maimakon ɗinka wa dillali a ba ta ladan hannu.

Ga abin da za ka yi a makon nan. Duba bayan katin, galibi akwai sunan ƙungiyar da lambar kira kyauta. Ka kira tana kusa da kai, da katin a hannu, ka yi tambaya uku: shirin ya ƙare ne ko ita aka cire, idan ita ce mene ne dalili, kuma yaushe za a sake tantancewa. Ka nemi lambar ƙorafinku ka rubuta. Idan layin bai shiga ba, ka raka ta teburin ƙorafi ranar rabo, ko ofishin hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. A nan ne za ka ba da rahoton mutumin, ka kuma ce a sakaya sunanku, haƙƙinku ne. Kada ka tunkare shi da kanka, unguwa ɗaya suke da Gwaggo. Idan kuma ta riga ta faɗa masa lambar sirrin ko BVN ba ta gaya maka ba, ka tambaye ta a hankali ba tare da faɗa ba, ku wuce banki da sassafe a canza lambar, a duba ko an taɓa asusun.