Shin mutanen zamanin da a Ingila baƙaƙen fata ne?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa mutanen da suka zauna a Ingila tun zamanin da baƙaƙe ne. Gaskiya ne? In haka ne, daga ina Turawan yanzu suka fito?

Amsa: Maganar tana da tushe, ɗan'uwa. A 1903 aka tono ƙwarangwal ɗin wani mutum a cikin wani kogo a Cheddar, kudu maso yammacin Ingila, wanda ya rayu shekaru kusan 10,000 da suka wuce. A 2018 binciken ƙwayoyin halittarsa ya nuna cewa mai yiwuwa fatarsa duhu ce, idanunsa kuma shuɗaye. Yana cikin mafarautan da suka bazu a yammacin Turai bayan ƙanƙarar da ta lulluɓe arewacin nahiyar ta janye, kuma an samu mai irin wannan kama a La Braña ta Sifaniya. Amma a kiyaye: duhun fatarsa bai sa ya zama ɗan Afirka ba, domin kakanninsa sun yi dubban shekaru a Turai.

Turawan yau kuwa kaɗan suka gada daga waɗannan mafarauta. Manoma ne suka biyo baya daga Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, da alkama da sha'ir da tumaki da shanu. Sun isa Birtaniya shekaru kusan 6,000 da suka wuce, kuma jikokinsu ne suka kafa duwatsun Stonehenge, wani shahararren wurin tarihi a kudancin Ingila. Har yau mutanen tsibirin Sardiniya na Italiya sun fi kowa kusancin jini da waɗannan manoma.

Sai makiyayan da ake kira Yamnaya daga filayen arewacin Bahar Aswad, waɗanda suka nausa yamma shekaru kusan 5,000 da suka wuce. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne saurin sauyin: zuriyarsu, bayan ta cuɗanya da manoma a tsakiyar Turai, ta shiga Birtaniya wajen shekaru 4,400 baya, kuma cikin 'yan ƙarnuka kusan kashi 90 cikin ɗari na jinin tsibirin ya zama nasu. A Sifaniya da Fotugal sauyin kusan kashi 40 ne, amma ta wajen uba kusan duk tsatson maza ya koma na baƙin.

Hasken fata ya shigo ne musamman tare da manoma da makiyayan nan, sannan ya ƙara yaɗuwa sannu a hankali. Yawancin masana na danganta hakan da ƙarancin rana a arewa, inda farar fata ta fi saurin samar wa jiki bitamin D.