Me ya sa rdtsc ke ba ni sifili a -O2?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jidda. Na saka umarnin rdtsc na asambili, mai karanta ƙidayar agogon furosesa, cikin shirin C, ɗaya kafin wani lissafi, ɗaya bayansa, don in auna lokacin da yake ci. A -O0, inda kwamfaila (manhajar da ke harhaɗa shiri) ba ta yin dabarun ƙara sauri, komai daidai, amma da na harhaɗa da -O2, inda take yin su, sai bambancin lambobin biyu ya fito sifili. Ko kwamfailar GCC ce ta samu matsala?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. GCC lafiyarta ƙalau, kai ne ka rage mata bayani.

Kwamfaila ba ta fahimtar abin da ka rubuta a cikin asm, wato guntun asambilin da ka saka a C. Abin da take dubawa shi ne abin da ka ce yana shiga, da abin da ke fita, da rajistocin da ka ce za a taɓa. To rdtsc ba ya karɓar komai. Da ta ga guntaye biyu iri ɗaya, babu abin da ya shiga cikinsu, sai ta ɗauka amsarsu ɗaya ce, ta gudanar da ɗaya ta ba ka sakamakonsa sau biyu. Ka cire lamba daga kanta, me zai rage? A -O0 ba ta wannan dabarar, shi ya sa asirin bai tonu ba.

Maganin farko, rubuta asm volatile. Da wannan kalmar ba za ta haɗe su ba, ba kuma za ta share su ba. Amma kada ka saki jiki, volatile ba ta hana a matsar da sauran lissafin zuwa gaba ko baya. Ƙara "memory" a jerin abubuwan da guntun ke taɓawa, sannan ka yi amfani da sakamakon lissafin, ko da bugawa ce da printf, don in ba wanda ke buƙatarsa za ta iya zubar da shi gaba ɗaya.

Wani ramin kuma: rdtsc yana raba lambar biyu, rabi a rajistar EDX rabi a rajistar EAX. A x86-64 kada ka yi amfani da "=A" da ake gani a tsofaffin misalai, karɓe su daban da "=a" da "=d". Shi ma furosesa yana iya sauya jerin umarni, don haka ake sa lfence, umarnin da ke sa shi ya jira na baya su kammala, kafin rdtsc.

Ni dai da __rdtsc na cikin x86intrin.h zan yi aiki, in huta. In kuwa malaminku ya ce lallai sai asm, harhaɗa da gcc -O2 -S, ka buɗe fayil ɗin .s ka ƙirga rdtsc nawa suka fito. Biyu ya kamata ka gani, lissafinka a tsakaninsu.