Ku Tambaya Mu Amsa: Ƙwayar Makamashi ta Ƙaramin Murhun Tafiya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina muna shirin kwana biyu a wajen gari ta ɓangaren Kagoro idan hunturu ya kama. An ba ni wani ɗan murhun ƙarfe da ake naɗewa ya shiga aljihu, aka ce wata farar ƙwaya ake sa masa. Na duba intanet na ga iri-iri. Wacce zan saya, kuma guda nawa za ta ishe ni? Daga wani ɗalibi a Tudun Wada.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Wannan ƙwaya aikinta tafasa ruwa: shayi, koko, indomi, ɗumama abincin da ya riga ya dahu. Idan ka riƙe wannan a ranka, zaɓin ba zai ba ka wahala ba.

Wadda murhunka ke buƙata ita ce ta sinadarin heksamin. Fara ce, mai tauri kamar dunƙulen sukari, kuma sunan da ya fi shahara a kanta shi ne Esbit, wadda wani Bajamushe, Erich Schumm, ya fito da ita a 1936. Babbar, mai nauyin giram 14, tana ci kamar minti 12, kuma a wurin da babu iska tana tafasa rabin lita, wato ledar fiya wata ɗaya, cikin minti 8 ko sama da haka kaɗan. Akwai ƙanana masu giram 4 da ke ci kamar minti 5, sun dace da kofin shayi ɗaya. Ba ta narkewa ta malale, ba ta barin toka mai yawa, kuma kana iya hure ta ta mutu ka adana ragowar. Aibinta biyu: ƙarni irin na kifi, da wani baƙin danƙo da take bari a gindin tukunya.

Za ka kuma ga ta tirayoksen, wadda sojojin Amurka suka daɗe suna amfani da ita. Tana kamawa da sauri, amma zafinta bai kai na heksamin ba, kuma da zarar an farke takardarta sai ta riƙa bin iska tana raguwa. Harshen wutarta shuɗi ne da ba a cika gani da rana ba, mutum sai ya ɗauka ta mutu ya kai hannu. Akwai kuma dunƙulen garin katako da kakin kyandir. Wannan na tayar da wutar gawayi ne, zai turnuƙe maka tukunya da baƙi.

Maganar adadi: ka ƙirga ƙwaya babba ɗaya ga kowace rabin lita. Mutum ɗaya mai shayin safe, indomin rana da shayin dare zai ci 3 zuwa 4 a yini. A hunturu ka ƙara ɗaya ko biyu, domin ruwan asuba ya fi sanyi, iska kuma tana cin rabonta. Kwana biyu, ka riƙe 10 don kanka. Kafin ka biya, ka duba nauyin kowace ƙwaya a jikin kwali, don ana sayar da kwali mai guda 20 ƙanana da farashin da zai sa ka zaci manya ne.

Tambaya: Malam, na gwada a bakin kogin Kaduna da yamma. Ƙwaya biyu suka ƙone ƙurmus, ruwan ko motsi bai yi ba. Ko jabu aka sayar mini? Daga wani masunci a Kabala.

Amsa: Zai yi wuya laifin ƙwayar ne, Malam. Zafin da ke cikin giram 14 na heksamin ya ninka abin da rabin lita ke buƙata fiye da sau biyu. Matsalar ita ce nawa ne ya shiga tukunya, nawa iska ta kwashe. Harshen wutar ƙarami ne, marar ƙarfi, ba kamar na gas da ke fitowa da matsi ba. Iskar bakin ruwa tana kwantar da shi gefe guda, sai ka ga wuta na ci tana lasar sarari, gindin tukunya kuwa a sanyaye.

Don haka fara da kariya. Samo takardar alminiyon mai kauri, ko ka yanka gwangwanin madara babba ka buɗe shi, ka zagaye murhun da tukunyar har zuwa rabin tsayinta. Ka bar tazarar yatsa ɗaya tsakanin kariyar da jikin tukunya, ka kuma huda ƙananan ramuka ta ƙasa a gefen da iska ba ta bugowa. Idan ka toshe ko'ina wutar za ta shaƙe, ta yi ja, ta ƙara baƙi da wari. Masu aikin ƙarfe a Panteka za su lanƙwasa maka irin wannan cikin ɗan lokaci, sai dai ka ce kada su yi da kwanon rufi, saboda abin da aka shafe shi da shi yana fitar da hayaƙi marar kyau idan ya ji wuta sosai.

Sai tazara. Tsakanin saman ƙwaya da gindin tukunya ya zama kamar santimita 3, faɗin yatsu biyu ke nan. Idan tukunya ta zauna a kan wutar, ba ta samun iskar ci. Idan ta yi nisa, zafin ya watse.

Tukunyar ma da nata. Mai kauri, irin ta dalma da ake tuwo, ita kanta za ta shanye zafin ƙwaya guda kafin ruwa ya san ana yi. Nemi marar nauyi, mai faɗin gindi, ka rufe ta da murfi, ka kuma jure kada ka riƙa buɗewa kana leƙawa. Ruwan ka auna daidai buƙata. Mutane da yawa suna cika buta don kofi biyu, su ce ƙwaya ba ta aiki.

Abu na ƙarshe da zai iya faruwa shi ne danshi. Heksamin na jan laima, kuma wadda ta kwana a buɗe cikin damina takan yi tartsatsi, ta farfashe, ta ƙi kamawa. Ka bar kowace a cikin ledarta har lokacin amfani. Wajen kunnawa, kankare kusurwa ɗaya da wuƙa ta yi ɗan gari, ka riƙe ashana ko laita a wurin na ɗan lokaci. Ba ta kamawa da ƙyastawa ɗaya. Danƙon gindin tukunya kuwa, idan ka shafa sabulu a waje kafin ka ɗora, da ruwa kawai zai fita.

Tambaya: Zan iya dafa shinkafa da wake a kai?

Amsa: Wake a'a, zai cinye maka kwali guda. Shinkafar mutum ɗaya tana yiwuwa da dabara: jiƙa ta rabin awa, tafasa da ƙwaya ɗaya da rabi, sauke tukunyar a rufe, naɗe ta da bargo ko rawani na minti 20, zafin ciki zai ƙarasa ta. Idan kun kai mutum huɗu, kurfoti da gawayi ko ƙaramin gas ya fi muku araha da sauƙi.

Tambaya: Ɗana ya dawo daga sansanin 'yan sikawut da ragowar wannan ƙwaya. Zan iya kunna ta a ɗaki in haɗa wa jariri ruwan zafi idan an ɗauke wuta? Kuma na ga tana kama da kafur, ko shi ne? Daga wata uwa a Unguwar Rimi.

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki kunna ta a ɗaki, ko a cikin tanti, ko a mota. Hayaƙinta ba ya cika fitowa a gani, amma yana ɗauke da iskoki masu cutarwa, har da irin gubar nan ta hayaƙin janareta da ke kashe mutane cikin barci. Ɗakin da aka rufe tagoginsa saboda sanyi, ga jariri a ciki, shi ne wuri mafi haɗari. Ki fita tsakar gida, ki ɗora murhun a kan siminti ko ƙasa, ki rufe tukunyar. Kada kuma a gasa nama ko burodi kai tsaye a kan harshenta; abinci ya kasance cikin tukunya.

Ba kafur ba ce. Kafur ɗin da ake sawa cikin akwatin kaya yana kamawa da wuta, amma baƙin hayaƙi yake yi mai guba, bai halatta a kusantar da shi ga abinci ba. Haka gawayin nan mai zagaye na turaren wuta: garwashi yake yi, ba zai tafasa miki ruwa a wannan murhu ba.

Abin da ya fi damun mu a wasiƙarki shi ne ƙananan yara. Ƙwayar fara ce, girman alewa, yaro zai iya jefa ta a baki. Ki zuba ragowar a gwangwani mai murfi, ki rubuta a jiki, ki ɗora can sama nesa da kayan abinci, kuma a wanke hannu bayan an taɓa ta. Idan tsautsayi ya sa yaro ya haɗiya, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai da ƙarfi. A tafi asibiti nan take, a riƙe kwalin a nuna wa likita.

Ki kuma gaya wa ɗan naki cewa a daji, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu da ciyawa ta bushe, sai ya share wuri kamar taku ɗaya ta kowane gefe kafin ya kunna, ya jira ƙarfen ya huce kafin ya naɗe shi. Idan kuma tafiyar jirgin sama ta kama shi, ya bar ta a gida, ba a yarda da ita a jakar hannu ko a cikin kaya ba.