Amsa ga ɗan'uwan da ya samu gona a tsakiyar damina

Assalamu alaikum. Malam, da na karanta tambayarka, cewa an ba ka aron fili kusan rabin eka a wajen Gezawa yanzu da watan Yuli yake ƙarewa, kuma zuciyarka ta karkata ga masara, sai na ji kamar ni ne na rubuta ta shekara huɗu da suka wuce. Ina roƙonka don Allah ka ajiye maganar masarar nan, ka nemi irin wake mai saurin nuna.

Ni ma a daidai irin wannan lokaci na samu tawa gonar, kuma ɗoki ya hana ni lissafin kwanakin da suka rage wa ruwa. Na je kasuwa wurin wani dattijo mai sayar da iri, mutumin da nake rusunawa in gaishe shi, ya ɗebo mini masara daga wani buhu da babu rubutun kowa a jikinsa, an barbaɗa mata jan gari, ya rantse mini cewa 'yar kwana sittin ce. Na shuka ranar 2 ga Agusta. Marka ta sauka a kanta, takin da na ci bashi na saya ya bi ruwa, sannan tsutsar nan da ta shigo ƙasar nan a 2016 ta shige cikin zuciyar kowace tsiro tana huda ganye. Na yi feshi har sau uku, na ga ta farfaɗo ta yi kore shar, na fara lissafin buhuna. Ashe masarar ta kwana ɗari da wani abu ce. Tana fara goyo, gemu bai ko bushe ba, ruwa ya ɗauke a ƙarshen Satumba. Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar da na je da ƙaramin ɗana, ya ɓare goyo ɗaya da hannunsa, muka tarar da ƙwaya ba ta fi goma ba a warwatse kamar bakin mai wawulo, ya ɗago kai ya tambaye ni ko ɓera ne ya cinye. Ban iya ba shi amsa ba. Da na koma wurin dattijon nan, ko kallon kunya bai yi mini ba, cewa ya yi Allah ne bai nufa ba, har ma ya ƙara da cewa in dawo baɗi zai rage mini kuɗi. Na yarda da ƙaddara, amma shi ya san abin da ya auna mini, kuma har yau idan na bi ta layinsu sai na kau da kai.

Wake kuwa yanzu ne lokacinsa, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta, domin yana son ya nuna lokacin da ruwa ya ja baya, in ba haka ba kwanson ya ruɓe. Ka nemi iri a cikin leda mai hatimi, daga jerin SAMPEA da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta fitar, ka tambayi wanda yake nuna cikin kwana 60 zuwa 75. Akwai SAMPEA 20-T da aka fitar a 2019, wanda tsutsar da ke huda fure da kwanso ba ta cin sa, amma ko shi sai ka yi feshi saboda sauran ƙwari, musamman da zarar fure ya fara fitowa. Kada ka ɗura masa yuriya, ganye kawai zai yi maka. Takin sufa yake so tun wajen huɗa. Ka bar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, kamar 20 tsakanin rami da rami, ƙwaya biyu ko uku a kowane rami. Ko ƙwayar ba ta yi yadda kake so ba, harawar kaɗai za ta rage maka asara da rani.

Na so in fara da wannan na manta: kafin ka kira masu huɗa, ka je gonar washegarin ruwa mai ƙarfi, ka ga inda ruwa yake kwanciya. Ni ban yi haka ba, sai daga baya na gane kusurwar gabas ɗin gonata kwari ce. Wake ba ya son ƙafarsa a cikin ruwa, riɗi ma haka. Idan filin jigawa ne mai yashi, kana iya ware gefe ka gwada riɗi, amma shi yana neman kusan wata uku, don haka kada ya wuce makon nan. Dankali ma yana yi idan ka samu yaɗo mai kyau ka ɗaga masa kunya sosai. Ka kuma tambayi maƙwabtan gonar ko ƙuduji yana fitowa a wurin, domin yawancin filin da ake sakar wa baƙo a tsakiyar damina akwai dalilin da ya sa mai shi bai shuka ba.

Kusa da bakin hanya ka yi wa iyali kunya biyu ko uku ta kuɓewa da yakuwa da alayyafo. Alayyafo cikin mako huɗu za a fara tsinka, kuɓewa kuma kafin wata biyu. A shekarar da masara ta kunyata ni, 'yar kuɓewar da maiɗakina ta matsa sai an shuka ita kaɗai ce ta shiga tukunya, kuma har yau tana tuna mini.

Maganar aron kuma, ka zauna da mai gonar a gaban shaidu biyu ku yanke ko har baɗi ne, tun kafin ka zuba takin gida a ciki, domin amfanin takin gida sai shekara ta zagayo ake ganinsa sosai. Idan ka je duba ruwan, ka ɗauko hoton ƙasar da irin ciyawar da ta fito, ka turo mana mu gani kafin ka sayi irin.