Kwana shida a tsaunukan Suwizalan: a ina za mu sauka, wane tikiti za mu saya?

Tambayar farko ta wannan makon wata 'yar'uwa ce ta turo daga Kano. Ta ce maigidanta zai je taro Geneva a watan Yuli, in an gama suna da kwana shida, ita da shi da yara biyu da Hajiyarta mai ciwon gwiwa, kuma ta tsara za su kwana Interlaken, Grindelwald, Zermatt da St. Moritz, duk a jirgin ƙasa. Wai tsarin ya yi?

Toh 'yar'uwa gaskiya bai yi ba, kuma gara in faɗa miki tun yanzu kafin ki biya kuɗin otal. Masauki huɗu a kwana shida, da akwatuna irin namu da ba ma tafiya da ɗan kaɗan, ga yara ga tsohuwa, kin ga rabin tafiyar a kan dandamalin tasha za ku ƙarar da shi kuna jan kaya. Jiragen can ba sa jira, wani lokacin minti biyar ko shida ne tsakanin wanda kuka sauka da wanda za ku hau, mai ƙafa lafiya ma sai ya ɗaga ƙafa balle Hajiya. Ku zaɓi waje ɗaya ku ajiye kaya, kullum ku fita da 'yar jaka ku dawo da yamma.

Ni yankin Jungfrau zan zaɓar muku. Daga Geneva kusan awa uku ne zuwa Interlaken, ana canza jirgi a Bern. Interlaken gari ne a fili tsakanin tafkuna biyu, Thun da Brienz, kuma saboda Larabawa na yawan zuwa da bazara za ku samu gidajen abincin halal ba wahala, amma fa a ƙasa yake, tsaunin daga nesa za ku riƙa hango shi. Grindelwald babba ne, motoci na shiga, cinkoso a Yuli ba a magana, kuma gidajen a warwatse suke kan gangare, sai ki ga an rubuta otal yana Grindelwald ashe tafiyar minti ashirin ce ta hawa daga tasha. Wengen da Mürren kuwa su ne masu kyan da ake gani a hoto, ba a shiga da mota, Wengen na kan tsayin mita 1274, jirgin ƙasa mai haƙora na hawan dutse ke hawa da mutum daga ƙauyen Lauterbrunnen cikin kusan kwatan awa, Mürren ya fi shi tsayi kuma sai an haɗa da motar kebul, wadda ke tafiya a rataye jikin waya. Da ke da maigida ne kaɗai da Mürren zan ce ba tare da na yi dogon tunani ba, shirun wajen da safe wani abu ne.

Amma akwai Hajiya, dan haka Lauterbrunnen. Yana ƙasan kwari, hanyarsa kusan a miƙe take ba hawa da sauka sosai, minti ashirin daga tashar Interlaken Ost, kuma daga nan ne hanyar Wengen da ta Mürren duk suka tashi. Ruwan Staubbach da ke zubowa daga kusan mita 300 daga cikin ƙauyen ake ganinsa, ranar da gwiwa ta ƙi sai ta zauna a baranda da shayinta bata rasa komai ba. Aibinsa ɗaya, duwatsun da suka saka shi a tsakiya suna tare rana da wuri. Ki nemi gida mai kicin kusa da tasha, ki auna nisan a taswira da kanki kar ki yarda da "kusa" ɗin masu talla. Sannan a Interlaken Ost ku duba rubutun jikin tarago kafin ku hau, jirgin rabuwa yake biyu a Zweilütschinen, rabi ya yi Lauterbrunnen rabi ya yi Grindelwald.

Zermatt in ranki ya kafe kan ganin tsaunin Matterhorn, awa biyu da wani abu ne daga Interlaken ta Spiez da Visp, ku ba shi kwana biyun ƙarshe. St. Moritz ki barshi sai wani zuwan in Allah ya kaimu.

Na biyu wani malami ne da ke karatu a Jamus, ya ce shi da matarsa za su yi kwana biyar a Wengen, fas ɗin tafiye-tafiye na Swiss Travel Pass zai saya ko katin rabin kuɗi, wanda ke rage rabin farashin tikiti?

Malam amsar na hannunka, sai ka ɗau biro. Swiss Travel Pass ana sayar da shi na kwana 3, 4, 6, 8 ko 15, ka hau jirgi da bas da jirgin ruwa ba ruwanka da yankar tikiti, har Wengen da Mürren da Grindelwald duk ya ɗauke. Inda mutane ke ruɗewa shi ne sama da nan, hawa Jungfraujoch, tashar jirgin da ke can saman tsauni, ragin kashi 25 cikin ɗari kawai yake bayarwa, shi kuwa katin rabin kuɗi, wanda ke aiki wata guda, rabi yake cirewa har can ƙololuwa. Tunda a Wengen za ku zauna kuma yawancin fitarku gajerun hawa ne masu tsada, ina ganin katin rabin zai fi muku sauƙi, amma ka rubuta duk inda za ku je, ka duba farashin kowanne a manhajar SBB, kamfanin jiragen ƙasan Suwizalan, ka haɗa lissafi ka gwada da kuɗin fas ɗin. Mai yara kuma ya nemi Swiss Family Card, kyauta ake bayarwa tare da fas ko katin, yaro ƙasa da shekara 16 na tafiya kyauta in yana tare da mahaifi ko mahaifiya.

Kuma dan Allah kar ka sayi tikitin Jungfraujoch tun sati biyu kafin ranar. Tashar na kan mita 3454, tun 1912 jirgi ke kaiwa can, in gajimare ya rufe farin hazo kawai za ka gani kuɗinka ya tafi. Akwai kyamarori da ke nuna saman kai tsaye a intanet, ka duba yanayi da daddare ka sake dubawa da asuba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya fara tambayar likita, iskar can ba ta da yawa.

Ta ƙarshe gajera ce, wata ta tambaya ko Glacier Express, jirgin ƙasan masu yawon buɗe ido, ya cancanci kuɗinsa. Awa takwas ne a zaune daga Zermatt zuwa St. Moritz, kuma ko kina da fas dole ki biya kuɗin kujera daban. In kwananki bai kai takwas ba ni ban ba ki shawara ba, jiragen yau da kullum suna bin layin nan ɗin, kina iya sauka inda kika ga dama. Ta kuma tambayi abinci, toh fondue, narkakken cukun nan da ake ta yabo, yawanci da giya ake narka cukunsa, rösti kuma, wato soyayyen gurzajjen dankali, sau da yawa ana barbaɗa masa naman alade, ki tambaya kafin a kawo. Kantunan Coop da Migros suna rufewa da wuri kuma da yawa ba sa buɗewa Lahadi, ki yi cefanenki tun Asabar, yajinki kuma ki taho da shi daga gida.