Tambaya da Amsa: Me ya hana Kazakawa cin garin Turgai a 1916?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, na karanta cewa a lokacin Yaƙin Duniya na Farko dubban mahaya dawakai na Kazakawa sun yi wa wani ƙaramin gari mai suna Turgai ƙawanya, amma suka kasa cinye shi. Me ya jawo wannan bore, kuma ta yaya jama'a masu yawa haka suka gaza a gaban 'yan sojoji ƙalilan? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, muna godiya da wannan tambaya. Abin da ya kunna wutar shi ne dokar da Sarkin Rasha, Nikolas na II, ya sa wa hannu ran 25 ga Yuni, 1916, wadda ta tilasta wa maza 'yan shekara 19 zuwa 43 daga al'ummomin da ba Rashawa ba a wasu yankunan daularsa, ciki har da Kazakawa (mutanen ƙasar Kazakistan ta yau), su tafi aikin ƙarfi a bayan fagen daga, kamar haƙa ramukan yaƙi da gyaran hanyoyi. (Kwanakin da za mu ambata na tsohuwar kalandar Rasha ne, wadda ke bayan ta yau da kwana 13.) Dokar ta faɗo ne a cikin watan Ramadan, kuma a daidai lokacin da makiyaya ke tanadin ciyawar da dabbobinsu za su ci a hunturu.

Sai dai a ganina dokar ta tarar da zukata a cike ne. Shekara da shekaru gwamnati tana ƙwace wuraren kiwo mafi albarka tana raba wa manoma 'yan kaka-gida da ake kwasowa daga Rasha da Yukiren, ana tura makiyaya zuwa busassun wurare. Sannan da aka zo rubuta sunaye, yawancin Kazakawa ba su da takardar haihuwa, saboda haka dagatai da magatakarda suka sami damar rage ko ƙara shekarun mutum yadda suka ga dama. Mai dukiya ya fanshi ɗansa da toshiya, talaka kuwa aka rubuta shi. Abin da ya sa ke nan masu bore suka fara da ƙona jerin sunayen da farautar waɗanda suka rubuta su.

Masu ilimin zamani na Kazakawa, irin su Alihan Bokeihan da Ahmet Baitursinuli na jaridar Kazak da ake bugawa a birnin Orenburg na Rasha, sun roƙi jama'a kada su ɗauki makami, domin suna tsoron kisan kiyashin da zai biyo baya. Ba tsoron banza suka ji ba, ganin abin da aka yi wa Kirgizawa da Kazakawa a yankin Semireciye, kusa da iyakar China, a wannan shekarar.

A yankin Turgai ne boren ya fi tsari. Jama'a suka naɗa Abdigapar Janbosinuli shugaba, Amangeldi Imanov kuma ya zama sarkin yaƙi. Ya kasa mayaƙa goma-goma, hamsin-hamsin, ɗari-ɗari har zuwa dubu, kowane kashi da shugabansa, maƙera kuma suka duƙufa wajen ƙera masu da takubba. Ran 22 ga Oktoba, mayaƙa kimanin 15,000 suka kewaye Turgai, garin da ya samo asali daga sansanin sojan da Rasha ta gina a 1845.

Yanzu ga amsar tambayarka ta biyu. Ƙarfin makiyayi a kan doki yake, a sarari inda zai kai hari ya juya kafin a ankara. Cin gari wani irin yaƙi ne dabam, wanda ke buƙatar igwa da harsashi mai yawa, alhali yawancin mayaƙan Amangeldi mashi da takobi da gatari suke riƙe da su, sai 'yan bindigogin farauta. Masu tsaron garin kuwa sun kafa shingaye a bakin tituna, suna da bindigogin soja na zamani. Da aka kai babban farmaki a farkon Nuwamba, yawan mahayan bai amfane su ba, domin hanyoyin shiga ƙunci ne da su, duk wanda ya danno kuma yana fuskantar ruwan harsashi ne kai tsaye. Ga sanyin hunturu ya kawo jiki, ga wuyar ciyar da dubban dawakai a wuri ɗaya na tsawon makonni. Lokaci ma ba ya gefensu, domin rundunar ladabtarwa ta Janar Labrentiyev tana tafe da sojan ƙasa da mahayan Kosak (sojojin doki na Rasha, ba Kazakawa ba) da igwa. A tsakiyar Nuwamba masu bore suka janye.

Abin da ya kamata a lura da shi, wanda sau da yawa ake tsallakewa, shi ne cewa janyewar ba ta wargaza rundunar ba. Sun koma yankin Batpakkara da tsarinsu a tsaye, suka shiga yaƙin sari-ka-noƙe, suna tare ayarin soja a filin da suka fi kowa sani. An murƙushe boren a yawancin sauran sassan Asiya ta Tsakiya tun kafin shekara ta ƙare, amma na Turgai yana ci har watan Fabrairun 1917, lokacin da juyin juya hali ya kawar da sarautar Rasha, aka dakatar da farautarsu. Amangeldi ya bi ɓangaren 'yan Bolshebik, wato 'yan kwaminisancin Rasha, daga baya, aka kuma kashe shi a watan Mayun 1919 a lokacin yaƙin basasa, bayan da mayaƙan Alash Orda, gwamnatin 'yan kishin ƙasa na Kazakawa mai adawa da 'yan Bolshebik a lokacin, suka karɓe iko da garin Turgai.