Tambaya da Amsa: Shin Akwai Tsiron da ke Goge Tabon Hanta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Maigidana yana da cutar hanta nau'in B, kuma gwajin asibiti ya nuna hantarsa ta fara tabo. 'Yan'uwa sun matsa masa ya ajiye ƙwayar asibiti ya koma shan kurkur da zuma. Shin akwai tsiron da ke goge wannan tabon? Daga wata mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya ba shi lafiya. Tabon hanta yana samuwa ne idan kumburi ya daɗe, sai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne adana bitamin A su koma saƙa zare mai tauri, kamar yadda fata ke yi bayan ƙuna, har hantar ta taurare jini ya riƙa ratsa ta da ƙyar.

'Yan'uwansa ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin masana sun daɗe suna bin sawun sinadaran tsirrai. Sinadarin kurkumin da ke cikin kurkur, da silimarin da ake tatsowa daga irin wata ƙaya ta yankin Bahar Rum, duk sun rage tabo a hantar ɓeraye. Ni kaina ba na raina wannan fage, ganin cewa daga tazargade aka samo maganin zazzaɓin cizon sauro da ya kai ga kyautar Nobel a 2015. Sai dai ɓera ba mutum ba ne. A gwajin da aka wallafa a Amurka a 2012, kan mutum 154 masu cutar hanta nau'in C, silimarin bai fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri ba. Shi kuwa kurkumin, hanji ba ya tsotse shi sosai, shi ya sa kamfanoni suke haɗa shi da sinadarin masoro, kuma irin waɗannan kafso ɗin an samu sun raunata hantar wasu mutane a Italiya da Amurka. Ɗan kurkur ɗin da kike barbaɗawa a miya ba shi ake nufi ba.

Abin da aka tabbatar shi ne, hanta takan sassauta tabonta idan aka danne abin da ke cinta. A wani bincike, cikin mutum 96 da hantarsu ta riga ta taurare, waɗanda suka shekara 5 suna shan tenofovir, wato maganin da ke danne cutar hanta nau'in B, an samu 71 da tabon ya ja baya. Saboda haka ina roƙonki kada ya ajiye ƙwayarsa ko da kwana ɗaya, domin yanke ta farat ɗaya yana iya tayar da cutar da ƙarfi. Ki guji gyaɗa da masarar da suka yi funfuna, ki kai wa likitansa duk wani jiƙo ko gari kafin ya sha, sannan ke da yaran ku je a gwada ku, a yi wa wanda bai kamu ba allurar rigakafi.